Yadda Na Zama Baban Biyu a Ƙasar Sin

Har yau in na sauka a tashar Gaya, "Baban Biyu" 'yan acaɓa suke kirana, ni kuwa ko ɗa ɗaya ban taɓa haifa ba. A ƙasar Sin na samo sunan nan, da bakina na jawo wa kaina shi, kuma saura ƙiris ya raba ni da matata Rakiya. Tunda kowa yana ba da labarin yadda ya ga dama, har da masu rantsuwa sun ga hoton jariran, gara ni ma in faɗi nawa.

Sunana na yanka Abdullahi, amma a ƙauyenmu Balan, Gambo aka san ni da shi, don ni na biyo bayan tagwayen Inna, Hassan da Usaini, waɗanda ba su kai yaye ba suka koma. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa. Karatun injiniyan ƙarafa na yi, na ɗan taɓa koyarwa, sannan na samu tallafin ƙaro karatu a wani birni can arewacin Sin. Aurenmu da Rakiya ya ɗan kwana biyu, Allah bai kawo haihuwa ba, Inna kuma ta fara sakin magana in tana tankaɗe ko tana ba awaki dusa. Shi ya sa muka shirya Rakiya ta koma gidan iyayenta a Ajingi, ta ci gaba da ɗinkinta har in dawo.

Wanda ya fara cutata a can ɗan gida ne, wani Bala da aka haɗa ni da shi ta waya aka ce shi ne uban baƙi. Ya tarbe ni da "ɗan'uwa, ɗan'uwa", ya kai ni wani ɗaki da ya ce da ƙyar ya kama mini, ya kuma sayar mini da wata jar rigar sanyi mai ɗamara, wai ita ake yayi. Ɗakin nan, bututun da ke ɗumama shi ina jin tun kafin a haife ni ya mutu. Rigar kuwa, duk inda na gifta sai in ga ana rufe baki ana dariya, ni kuma ina ɗaga musu hannu, a zatona baƙar fata ce ba su saba gani ba. Sai da aka jima wata ɗaliba ta ji tausayina ta rubuta mini a wayarta cewa rigar mata ce, ta matan ma ta tsofaffi. Na kira Bala, lamba ba ta shiga, har na baro ƙasar ba ta sake shiga ba. Rigar dai ban cire ba, don sanyin garin nan ba ya barin mutum ya yi zuciya.

Malamin da aka haɗa ni da shi, Farfesa kawai muke ce masa, ɗan tsurut ne, ba ya zama, ba ya gaisuwa. Ranar farko ina cikin tambayarsa gajiya da iyali, sai kawai ya ɗora mini wani guntun ƙarfe a tafin hannu. Na yunƙura don na zaci nauyi, hannuna ya tafi sama. Ko alminiyam ya fi shi nauyi.

"Magniziyam ne, an gauraya shi da ɗan alminiyam da tutiya," ya ce da Turancinsa mai gudu. "Masu ƙera mota suna sonsa don ba shi da nauyi. Suna tsoronsa don ba shi da alƙawari. Ka ja shi, ya yi taurin kai. Ka matsa shi, ya ba da kai da wuri. Ka lanƙwasa shi da sanyinsa, ya tsage. Aikinka ka nuna mini dalili, da hoto."

Dalilin a littafi yake, kowa ya san shi. Duk wani ƙarfe in ka kambama shi za ka ga ƙananan ƙwayoyi ne manne da juna, kowace ƙwaya kuma a jere take a ciki, shimfiɗa kan shimfiɗa. Alminiyam da tagulla suna da hanyoyin zamewa da yawa, shi ya sa ake buga su a lanƙwasa yadda aka so. Magniziyam kuwa kamar tabarmi ne da aka jibga: suna zamewa a kan juna, amma ta sauran ɓangarori sai da wahala. In ka danne su daga sama, ba abin da zai motsa har sai sun tsage. In ka matso su daga baki kuwa, sai wani siririn yanki a cikin ƙwayar ya juya gaba ɗaya, kusan kwanar kusurwar ɗaki, ya tsaya yana fuskantar ragowar kamar mutum da kamanninsa a madubi. Wannan yankin shi Turawa suka laƙaba wa kalmarsu ta 'yan biyu. Shi yake sa ƙarfen ya ba da kai da wuri, in ya yaɗu ya cinye ƙwayar kuma sai ƙarfen ya taurare fiye da da. Duk zamana a can da Turanci nake faɗin kalmar nan, ban taɓa mayar da ita Hausa ba ko a zuciyata. A gida in an tambaye ni me nake yi, "aikin ƙarfe" kawai nake cewa.

Kafin a ga abin sai an goge fuskar ƙarfen ta fi madubi sheƙi, kuma a nan na sha baƙar wuya. Ƙarfen nan ya fi jariri rigima. Ka danna shi da ƙarfi a kan sanfefa, ka ɓata shi. Ruwa ya taɓa shi a ƙarshen guga, ya yi baƙi. Da sifirit ake wanke shi, in ka gama kuma ka ruga da shi ɗakin maikiroskof kafin iska ta dusashe shi. Yatsuna suka goge har wayata ta daina gane babban yatsana. Ga warin sifirit ya kama jar rigata, har wani ɗan Masar ya ja ni gefe bayan sallar Juma'a yana yi mini nasiha a kan giya. Ni! Ni da ko lemon kwalba sai na karanta bayansa kafin in sha.

Babban ɗalibin ɗakin gwajin, wani mai suna Li, shi ya ba ni guntayen da zan riƙa matsawa, 'yan dogaye kamar sukarin ƙwaya biyu a haɗe. Da murmushi ya ba ni, har da sunkuyawa. In sa guntu a injin matsi, ya ƙi, ya ƙi, ya ƙi, can sai ya tsage ta kusurwa. In goge, in ruga, in leƙa, in tarar da ƙwayoyi fes, babu abin da nake nema sai ɗan abin da ba a rasa ba. Damina ta sauka a gida, aka yi noma, aka yi girbi, ni ina nan ina guga. Duk ranar taron mako Li zai haska hotunansa cike da zane, ni in haska fili. Da sanyi ya sake zagayowa Farfesa ya faɗa mini a gaban kowa:

"Abdullahi, kowa a duniya yana ganinsu a wannan ƙarfen, har wanda ba ya so. Kai kaɗai ne ba ka gani. In sanyin nan ya fita ba ka kawo ba, zan sanar da masu tallafinka."

Kewar gida kuwa ba a magana. Kukar da Rakiya ta ƙulla mini ta ƙare tun a watannin farko, na yi ta lallaɓa yajin har na koma shinshina ledar. In na kira ta nakan ji ƙarar keken ɗinkinta da kukan awaki a bayanta, sai in ce ta ajiye wayar ta ci gaba da aikinta, ni dai in saurara. Ta ce, "Malam, katinka ne fa yake tafiya." In ce ya tafi.

Abin da ya riƙe ni a garin nan shagon taliyar Baba Ma ne. Musulmi ne, tsoho mai farar hula, shi da matarsa da 'yarsu suke jan taliya da hannu. Ranar da na fara shiga na yi sallama don gwaji, ya amsa mini cikakkiya har da wabarakatuhu, wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Ba ya jin yarena, ba na jin nasa, da "Alhamdulillahi" da nuni muke hira. Da ya lura ina cin naman miya a hankali don kada ya ƙare, sai ya riƙa ƙara mini bai ce komai ba. Da azumi a gidansu nake shan ruwa. Matarsa ce ta ɗinke mini aljihun jar rigar, tana yi tana dariya. To duk wayar da zan yi gida, don kada a tambaye ni aikin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai in cika su da labarin gidan Baba Ma: kirkinsu, girkin 'yarsu, yadda suka mai da ni ɗan gida. Rakiya takan ce, "Allah Ya saka musu, ka gaishe su." Ban san sauran 'yan gidanmu ajiye maganganun nan suke yi ba.

Wata rana na je kwandon da ake zubar da ragowar ƙarfe, sai na tsinci bakin farantin da aka yanko guntayena daga jikinsa. Ga ramukan yankan a jere, ga kuma layin da injin murza faranti ya bari. Na tsaya ina kallo. In aka murza farantin magniziyam, tabarmin ƙwayoyinsa duk kwanciya suke yi bisa faɗinsa. Guntayen da Li yake aiki da su a kwance aka yanko su, yana matso tabarmin daga baki. Nawa kuwa a tsaye aka yanko su ta kaurin farantin. Wato duk watannin nan ta sama nake danna su, inda ba sa juyawa sai dai su tsage. Ragowar wani tsohon aikinsa Li ya tattara ya ba ni, kuma ya sani sarai. Na same shi da ƙarfen a hannuna.

"Ai na zaci ka sani," ya ce, da wannan murmushin nasa. "Ba ka tambaya ba."

Inna lillahi! Da a Gaya ne da sai an raba mu. Na haɗiye, na tafi ɗakin yanka da kaina, na tsaya a kan mai injin ina nuna masa da hannu: haka, a kwance, ba haka ba.

Ranar da na sa sabon guntu a injin matsi, na maƙala masa 'yar na'urar jin sauti. Ban gama gyara zama ba layin da ke kan allo ya karya kwana, ƙarfe ya ba da kai, lasifika ta fara ƙas-ƙas-ƙas kamar ana taka busasshen kara. Na goge shi, na ruga ɗakin maikiroskof da ke can ƙarƙashin ƙasa. Hoto ya fara fitowa layi-layi. Ƙwayoyi jajaye, a cikin kowace kuma ga wasu sirara shuɗaye da koraye sun ratsa ta kamar ganyen darbejiya. Ba ɗaya ba, ba biyu ba, allon ya cika. Na faɗi ƙasa na yi sujada a gaban matar da ke kula da na'urar, ta ja da baya ta zaci farfaɗiya ce.

Na haura sama da gudu inda ake samun sabis. Azahar ce a can, a gida asuba. Murna ta sa Turanci ya ɓace mini. Na buɗe guruf ɗin 'yan gidanmu, na danna wajen ɗaukar murya, kuma ga abin da na ce kalma da kalma, don an sha maimaita mini shi:

"Salamu alaikum jama'a, ku taya ni murna! Yau Allah Ya ba ni tagwaye! Wallahi yanzu na gan su da idona, kyawawa. A gaya wa Inna wahala ta ƙare."

Niyyata in biyo shi da hoto da bayani. Sai matar nan ta leƙo ta ce in ban dawo ba za ta ba wani lokacina. Na jefa wayar a aljihu na koma rami, inda ko sabis ɗaya babu, ban fito ba sai bayan magariba.

Ina fitowa wayar ta kama rawa kamar za ta faɗo daga aljihu. Barka, barka. Allah Ya raya. Maza ne ko mata? Ashe haka kake, ka yi aure ba labari? Ƙanwata Ladidi, wadda ke aure a cikin Gaya, ita ta hau acaɓa tun da sassafe ta kai wa Inna saƙon har Balan, ta sa mata a lasifika. Na kira ta.

"Ke Ladidi, wane irin barka? Tagwayen ƙarfe nake nufi!"

"Na ƙarfe kamar yaya, Yaya? Bakwaini ne? An sa su a kwalba?"

"Ƙarfe, ƙarfe! Aikina! Wa ya ce muku na yi aure?"

"To ai kai kullum 'yar gidan Baba Ma, 'yar gidan Baba Ma ta iya girki. Kawu ya ce tunda Musulma ce ba laifi, ɓoyewar ce kawai ba ta yi ba." Sai muryarta ta sauka. "Yaya, Inna fa ta sa an kamo raguna biyu. Ta ce Hassan da Usaininta ne suka dawo."

Don Allah ku ji mini. A safiya ɗaya an ɗaura mini aure, an yi ciki, an haihu, an raɗa suna, kuma duk gidan ba wanda ya ce a dakata a tambayi mai abin! Na tsaya a bakin titi cikin jar rigar tsofaffi ina ihu da Hausa, Sinawa suna kauce mini. Amma da na sake sauraron muryata, tsakani da Allah ni kaina da a Balan nake da na je barka.

Inna ce ta fi wuya. Na yi mata bayani a hankali, na sake yi. Ina jin hayaniyar mata a bayanta tana raguwa.

"Gambo, ka ce babu su?"

"Babu su, Inna. Ba a taɓa yin su ba."

"To. Allah Ya sa haka ya fi alheri," ta ce, da irin muryar da ake karɓar gaisuwar mutuwa. Ta miƙa wa Ladidi wayar.

Ran nan kasuwar Ajingi take ci. Kafin hantsi labari ya riga ya hau adaidaita ya sauka a rumfar gyaɗar surukina, daga can ya shiga gida. Kuma ba shi kaɗai ya je ba. Cikin matan da suka cika gidanmu barka akwai gwaggon Rakiya da ke aure a Balan, a gabanta Inna ta ɗaga murya cikin murna ta ce: "Dama na faɗa ba daga ɗana ba ne. Juya aka kawo mana, ga shi yau Allah Ya nuna." Aka rangaɗa guɗa.

Tagwaye dai na iya ƙaryata su. Na tura hoton ma, ja da shuɗi, Kawu ya ce wannan ai zanen atamfa ne. Amma maganar Inna ba kuskuren ji ba ce, abin da ke ranta ne ya fito. Na kira Rakiya ba ta ɗauka ba. Na kira, na kira. Bayan kwanaki mahaifinta ya ɗauka.

"Abdullahi, mun ji bayaninka, mun kuma yarda. Amma yarinyar nan ta ce ba za ta koma gidan da aka yi guɗa a kanta ba, ni kuma ba zan tilasta mata ba. Ka gama abin da ya kai ka, ka zo ku yi magana."

"Baba, a ba ni ita ko minti ɗaya."

"Tana jin ka. Ta ce a gaishe ka."

Farfesa kuwa da ya ga hotunan, karo na farko ya yi mini murmushi. "Madalla. Yanzu ka matsa ƙarfen 'yan biyun su fito, sannan ka ja shi baya, mu ga ko za su koma." Abin da na yi ke nan a sauran watannina, jikina a ɗakin gwaji, hankalina a Ajingi. Kuma suna komawa. In ka saki matsi ka ja, sai yankin da ya juya ya riƙa tsukewa har ya ɓace, cikin sauƙi ma fiye da yadda ya fito, ba ko ƙas-ƙas ɗin kirki. Na yi ta murna kamar wawa, ina cewa ashe abu yana komawa. Sai da na ƙara kambama hoton na ga duk inda ɗaya ya taɓa zama ya bar ɗan tabo, jerin ya ɗan karkace. In ka yi ta matsawa kana ja, a irin wuraren nan tsaga take farawa. Farfesa ya ce wannan ne mafi kyau a duk aikina.

Ni kuwa na fita na je shagon Baba Ma na zauna, na kasa cin taliya. Na buga labarin duka a waya ta fassara masa. Ban san me ta gaya masa ba, don tashi ya yi ya rungume ni yana ɗaga yatsu biyu yana kiran matarsa. Kai, har a nan ma! Da ƙyar na warware masa. Da ya gane, ya daina dariya, suka yi magana ƙasa-ƙasa da matar, ta shiga ciki ta fito da wani farin mayafi mai aikin hannu a naɗe. Ta nuna hoton Rakiya da ke fuskar wayata, ta sa mini mayafin a hannu ta rufe da nata.

Na dawo gida ana sharar gona. Tun a tashar Gaya aka fara: "Baban Biyu, sannu da zuwa! Ina 'yan Caina?" Wani har da tambayata ko ƙarfen ya fara rarrafe. Na yi musu yaƙe na wuce. A Balan na tarar da ragunan nan biyu suna nan a ɗaure, sun yi ƙiba, Inna ta hana a sayar. Ba ta yi mini zancensu ba, ni ma ban yi ba. Washegari na kama hanyar Ajingi.

Na sami Rakiya a kan keken ɗinki a rumfar tsakar gidansu. Ta gaishe ni kamar baƙon babanta. Na ba ta mayafin, ta yi godiya ta ajiye a gefe. Ni kuma da wautata na ciro guntun ƙarfen daga aljihu na sa mata a hannu, don a ganina in ta fahimci abin, shi ke nan an gama.

"Kin ga, Rakiya, a cikinsa suke. In aka matsa masa ta inda ba shi da hanya, sai wani yanki ya juya. To juyawar nan ita ce..."

"Juya," ta ce. Ta ɗauke ƙafarta daga keken. "Har a ƙarfen ma akwai ta?"

Ba iri ɗaya ake furta su ba, ta sani, na sani. 

"Ci gaba mana, Malam. In ya juya sai me?"

"In aka ja shi baya yana komawa."

"Ya koma yadda yake?"

Na so in ce e. Wallahi na so. Amma na daɗe ina kallon abin nan da idona. "A ido kamar ya koma. A ciki yana barin tabo."

Ta ɗaga guntun tana auna rashin nauyinsa. "To ka ga ka huta da bayani. Ni ba auren 'yar Caina ne ya dame ni ba, ko da gaske ne. Ranar nan a nan nake zaune, mata suna shigowa ɗaya bayan ɗaya suna ba ni haƙuri, kowace da kalmar nan a idonta. Shekara nawa ina shan jiƙe-jiƙe da rubutu, a kai ni wajen wannan, a kai ni wajen wancan. Kai an taɓa kai ka? Ka tafi har bangon duniya ka leƙa cikin ƙarfe don ka gano daga ina matsala take. Kanka fa?"

Ta ajiye guntun a kan keken.

"Mu je Kano a duba mu, ni da kai," ta ce. "In ni ce, ka sallame ni, ba zan zauna ana yi mini guɗa ba. In ba ni ba ce, ai ka iya tura murya."

Muka je wani asibiti a Kano, aka yi mana gwaje-gwaje, aka ce mu dawo. Ranar da muka koma, likitar ta dubi Rakiya ta ce ba ta ga komai a wajenta ba. Sannan ta waiwayo gare ni ta sassauta murya. Ta ce daga wajena ne, akwai maganin da za a gwada, a sa rai amma ba ta yi alƙawari ba. Na ji an danne ni ta sama. Rakiya ba ta ko kalle ni ba. A cikin hayis ma taga take kallo, har Wudil, har Gaya.

A tasha muka sauka. Ga masu adaidaitar Ajingi a wancan gefe suna kira, ga 'yan acaɓar Balan a wannan. Ta tsaya da jakarta a tsakiya. Na san abin da ke jirana in na yi: Kawu, majalisar ƙofar masallaci, 'yan tashar nan, da Inna da ragunanta. Na ji kunya, na ji tsoro, ba zan ɓoye ba. Na ciro wayar, na buɗe guruf ɗin nan dai, na danna.

"Salamu alaikum. Gambo ne. Wannan karon ku saurara har ƙarshe, kuma Ladidi ki kai wa Inna ki sa mata a lasifika kamar wancan. Likita ta duba mu. Rakiya lafiyarta ƙalau. In akwai juya a gidanmu, ni ne. Ba ƙarfe nake nufi ba."

Na tura. Alama ta nuna ya shiga, ta kuma nuna an fara ji.

Wani ɗan acaɓa ya taho ya ci birki a gabanmu yana washe baki. "Baban Biyu! Ina muka nufa?"

 Rakiya ta buɗe jakarta ta ciro farin mayafin nan, ta warware shi ta yafa a kan hijabinta, ta miƙo mini jakar.

"Balan," ta ce masa. "Mu biyu."